Inda Karen Ticha Ya Tona

A shekarar da aka koro mutanenmu daga Najeriya, shekarar fari da gobarar daji, wadda ƙasusuwan wuyan kowa suka fito har muna tsokanar juna cewa mun sami sarƙa kyauta, Osman ya dawo Gurugu, unguwarmu a Tamale, da katuwar rediyo mai kaset a kafaɗa da baki cike da Legas. Ba a daɗe ba sunansa ya koma Osman Legas. In ka ce ana rana, sai ya ce ba ka ga ranar Legas ba. In ka ce kana jin yunwa, sai ya ce a can ko yunwa ta fi wannan girma. Babban abin tinƙahonsa shi ne wai ya yi aiki da 'yan sandan farin kaya, kuma manyansu ba sa yanke magana sai sun ji ta bakinsa. Dramani mai amalanke, wanda suka dawo a lori ɗaya, ya ce ba ƙarya ya yi ba, ya yi aiki da su: shi ke wanke musu mota.

Shagon ɗinkina yana kallon rijiyar Mma Alimatu, saboda haka abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi. Rijiyar nan mijinta ya haƙa ya mutu ya bar mata. A shekarar famfo ya manta aikinsa, dam ya koma taɓo, rijiyarta kaɗai ta rage da ruwa a unguwarmu. Da ruwanta muke sha, da shi take dafa wachen da take sayarwa, wato shinkafa da wake, tana ciyar da jikokinta marayu, ko da yake wachen lokacin sai ka yi tono sosai kafin ka gamu da wake.

Wata safiya mata suka fito ɗiban ruwa suka tarar da mutum kwance a gindin rijiyar, an soke shi, har ya yi sanyi. Baƙo ne, ba wanda ya san shi. Ƙafarsa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. 'Yan sanda suka zo suka ɗauke shi, kuma har yau ba a san wanda ya kashe shi ba. Allah ya jiƙan bawan nan. Na faɗi wannan ne da zuciya ɗaya, don daga nan labarin ba zai sake yin hankali ba.

Da rana sai ga Mba Saaka, tsohon tindana, wato mai kula da ƙasa a al'adar Dagomba. Ya zagaya rijiyar da sandarsa, ya ɗora reshen ƙaya a bakinta.

Ya ce, "Inda jinin ɗan Adam ya zuba, ƙasa ta ɓaci. Mai wurin zai kawo baƙar akuya a wanke ta. Kafin nan, guga ba ya shiga."

Liman ya yi addu'a. Ticha Tetteh, malamin firamare ɗan kudu, ya ce a cocinsu ba a san wannan ba. Amma daga Liman har Ticha ba wanda ya miƙa hannu ya ɗage ƙayar.

Abin takaicin, Mma Alimatu tana da baƙar akuya, mai ɗan ƙyalle ja a wuya, sai dai ta ɓace ana saura 'yan kwanaki a yi wannan abu. Sayen wata kuwa a shekarar nan daidai yake da sayen keke. Ta zauna a kan turmi ta riƙe kai.

Nan Osman ya ratso taro, kumatunsa na sheƙi. Shi kaɗai ne mai kumatu a Gurugu a lokacin, in an tambaye shi sai ya ce jikin Legas ne, ba ya saurin zubewa. Ya tsuguna, ya shinshina ƙasa, ya ɗan lashi yatsa. Ya tsinci takalmin mamacin da ya faɗi lokacin da ake saka shi a mota, ya ɗaga shi sama.

Ya ce, "Ba a nan aka kashe shi ba."

Ticha Tetteh, mai kiran kowa Masa, wato maigida, ya ce da Hausarsa ta 'yan kudu, "Masa Osman, yaya kai ya sani?"

"Ticha, kai aikinka alli. Ina jini? Ɗan wannan? A Legas in aka soki mutum sai an kawo bokiti. A wani wuri aka kashe shi, aka kawo wa Mma tsaraba."

Mba Saaka ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce, "Ni ba ruwana da Legas. Ka nuna mini inda jinin ya zuba, akuya ta koma wuyan mai wurin, in ɗage ƙayata."

Mma Alimatu ta miƙe. "Osman, duk wanda ya cire mini akuyar nan daga wuya, wache kyauta ne har damina ta sauka. Na yi alkawari a gaban jama'a."

Osman ya buga ƙirji har ya yi tari. Ya ce ta fara jiƙa wake.

Dabararsa ta farko takalmi ce. Ya sa mai shela ya zagaya Gurugu yana cewa ana neman takalmin mamaci na ƙafar hagu, kuma duk gidan da aka same shi, nan aka yi kisa, mai gidan ya tanadi akuya. Abin da Osman bai yi tunani ba shi ne takalmin na taya ne, kuma a shekarar duk Tamale takalmin taya muke sakawa, mai yankansu ma ɗaya ne a bakin kasuwa. Ba gidan da babu wani tsohon wari da ya rasa ɗan'uwansa a bayan ɗaki.

Kafin la'asar takalma suka fara tashi sama. Kowa ya lalubo nasa ya wurga ta katanga gidan maƙwabci, maƙwabci ya ƙara da nasa ya wurga gaba. Ina cikin ɗinki wani ya sauka a kan kwanon shagona, ban tsaya tambaya ba na cilla shi gidan Afa Imurana malamin allo. Afa Imurana, mutumin da bai taɓa ɗaga murya ba, na gan shi da idona yana waige-waige yana tura wari da ƙafa zuwa rumfar Anti Araba mai dokunu, wato dafaffen ƙullun masara. Mutanen da suka shekara suna gaisawa da ladabi suka koma zagin kakannin juna.

Anti Araba ce ta kwaso nata a daro ta juye a gaban Osman, tana faɗa da Hausarta ta 'yan kudu.

"Kai, Osman! Ni ya zo Tamale sayar da dokunu, ba ya zo sayen akuya koraa, ko kaɗan! Ka ɗauki takalminka duka!"

Osman ya zauna a tsakiyar tulin yana gwada su ɗaya bayan ɗaya da na mamacin, yana gyaɗa kai kamar likita. Ticha Tetteh ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Masa Osman, wannan da ke hannunka, shi ne na hagu. Na dama ne ya ɓata."

Osman ya juya takalmin, ya sake juya shi.

Ya ce, "Ticha, ka taɓa aiki da gawa? Mutum in ya mutu ya kwanta, hagunsa komawa dama yake. Wannan darasin farko ne a Legas."

A ranar ba wanda ya koma gida da takalmin da ya dace da ƙafarsa.

Washegari ya fito da sabon bayani. Wai a unguwar Kaladan aka yi kisan, aka cusa gawar a buhu, aka turo ta a amalanke har Gurugu ba wanda ya lura. Mutanen Kaladan da suka ji, suka aiko cewa in ya kuskura ya kawo musu kisa, za su nuna masa yadda ake yin na gaske. Bai fasa ba. Ya ce zai gwada a gaban kowa: Dramani zai shiga buhu ya zama gawa, shi kuma ya turo shi daga Kaladan da rana tsaka, a gani ko akwai mai ɗaga ido.

Dramani ya ce, "Me ya sa ba kai za ka shiga buhun ba? Ni na iya turi."

"Mai bincike ba ya zama gawa. In Mma ta fara ba ni wache, ƙanzon naka ne."

Saboda ƙanzo Dramani ya shiga buhu.

To, a shekarar nan in ka tsaya ɗaure igiyar wando a bakin hanya, kafin ka ɗago mutane sun yi layi a bayanka, don ba a san abin da za a raba ba. Dokunu ma tun bai dahu ba ake layinsa. Sai ga mutum mai kumatu yana tura cikakken buhu da rana tsaka. Bai bar Kaladan ba wata tsohuwa ta bi shi da kwano. Wata ta bi tsohuwar. Kafin ya kai babban titi layin ya yi tsawon da na baya ba sa ganin amalanken, ma'aikata 'yan unguwar Kalpohin suna jingine babura suna shiga.

"Masara ce?"

"An ce sukari!"

"Ɗana, mudu ɗaya kawai, ina da marasa lafiya!"

Osman yana gumi yana cewa, "Ba abinci ba ne, gawa ce! Ku watse, bincike ake!"

Wata mata ta ce, "Haka duk 'yan kalabule suke cewa."

Kalabule shi ne ɓoye kaya a sayar da tsada, kuma a lokacin kalmar kaɗai ta isa a yi wa mutum dukan tsiya. 'Yan kwamitin unguwa suka tare hanya, suka ce a buɗe buhu a sayar a farashin gwamnati. Osman ya rungume buhun. Sai wata mai awo, Sala, ta zaro ƙarfen nan mai tsini da ake soka wa buhu don a ga ƙwayar da ke ciki, ta ce ba sai an buɗe ba. Ta zaɓi inda ya fi tudu ta soka.

Buhu ya yi salati. Buhu ya miƙe tsaye, ya yi tsalle daga amalanke, ya faɗa kwata yana kiran uwarsa. Rabin layin ya watse da gudu ana zubar da kwanuka. Rabin da ya tsaya, da suka ga Dramani ne ba masara ba, suka huce a kan Osman da kwanukan da suka rage. Na taɓa ganin fushi, amma ban taɓa ganin irin na mai yunwar da ya bi buhu tun daga Kaladan ba.

Da yamma ya iso Gurugu da kumburarren ido, Dramani na binsa a karkace don ba ya iya zama.

Osman ya ce, "An samu ci gaba. Mun tabbatar ba daga Kaladan aka kawo shi ba. Haka ake bincike, ana cirewa ɗaya-ɗaya."

Ba wanda ya yi dariya sosai, don Mma Alimatu na zaune a gefen murhunta da ya yi sanyi. Matan unguwa sun koma tafiya mai nisa suna ɗebo ruwan dam mai kama da koko. Ƙaramar jikarta tana kwance a tabarma, cikinta ya ɓaci saboda ruwan. Raina ya ɓaci ƙwarai da na gan ta.

Ta ce, "Osman, ni ba wasa nake ba. Yarinyar nan ruwan kirki take bukata, ga shi a rijiya ina kallo. In ba za ka iya ba, ka faɗa, in san wanda zan je in durƙusa wa."

Wani mai kunya da nan ya tsaya. Osman ya ce gobe za a gama, don zai fito da babban makami, wanda ko a Legas sai shari'a ta gagara ake fito da shi: kare.

Kare ɗaya ne ya rage a layinmu, na Ticha Tetteh, sunansa Sajan. Yunwa ta mayar da shi kamar kwando, in yana tafiya kana jin haƙarƙarinsa. Ticha ya ce karensa bai taɓa zuwa makarantar 'yan sanda ba. Osman ya ce hanci ba ya bukatar makaranta.

Da hantsi duk Gurugu ta taru a rijiya. Osman ya ɗaure Sajan da doguwar igiya yana riƙe da ita nesa da jiki kada yawu ya taɓa masa alwala. Ya hau kan turmi.

"Jama'a, ku zama shaida! Zan ba karen nan takalmin mamaci ya shinshina. Duk inda ya je ya tona ƙasa, nan jini ya zuba, mai wurin ya kawo akuya. Ba roƙo, ba ɗaukaka ƙara, ko gidan uban waye!"

Mba Saaka ya ce, "Ko gidan waye?"

"Ko gidan waye, Mba. Bakina ne ya faɗa, ƙasa ta ji."

"To, ta ji."

Aka miƙa wa Sajan takalmi. Ya shinshina, ya kama shi da haƙori ya fara ci. Da ƙyar aka ƙwace. Sai ya ɗaga hanci sama, ya fizgi igiya, Osman na binsa da sassarfa, mu kuma muna bin Osman.

Kai tsaye rumfar Anti Araba ya nufa. Ta fito da muciya ta tsaya a ƙofa.

"In wannan kare ya tona nan, ni zai sa shi da kai duka cikin tukunya!"

Osman ya ce, "Anti, kina hana hukuma aiki. Jama'a ku lura da yadda jikinta ke rawa."

Sajan ya bi ta tsakanin ƙafafunta, ya sure kan kifi, ya fito bai tona komai ba. Anti Araba ta sauke muciyar a bayan Osman don kada ta tashi a banza. Daga nan kare ya ja mu mahauta, inda ƙudaje ma sun daina zuwa, ya shinshina ya yi atishawa. Ya bi ta ƙofar Afa Imurana, Afa ya fara karanta duk abin da ya zo bakinsa har kare ya wuce. Kowane gida muka dosa sai ka ga mai gidan ya tsaya yana zufa, in mun wuce ya shigo layi yana murna yana zuga kare.

Sai Sajan ya tsaya cak a wata mararraba. Hancinsa ya yi rawa. Ya karkata zuwa wani lungu, ya ja da ƙarfin da ba mu san yana da shi ba. A ƙarshen lungun nan gida ɗaya ne, mai rusasshiyar katanga, wanda Osman ya gada daga ubansa.

Osman ya turje. "Kare ya gaji. A Legas ana ba su hutun rabin rana."

Dramani ya ce, "Bai gaji ba, yanzu ma ya fara."

"Iska ce ta juya! Hancinsa ya ruɗe! Ticha, karenka ba shi da tarbiyya!"

Ticha Tetteh ya ce, "Masa Osman, kai ya ce hanci ba ya bukatar makaranta."

Osman ya naɗe igiyar a hannu ya ja baya, alwalar ma ya manta da ita. Igiya ta tsinke, ya zauna daɓas a ƙasa. Sajan ya tsallake katanga, ya zagaya bayan makewayi, ya hau tono da ƙafa huɗu. Ƙasar sabuwa ce, ba ta ba shi wahala ba. Muna tsaye muna kallo ya jawo wata baƙar fata, sai kai mai ƙaho, sai ɗan ƙyalle ja.

Mma Alimatu ta matso a hankali. Ta ɗauki ƙyallen ta kakkaɓe shi. Ba ta yi ihu ba, ta dai dubi kumatun Osman, duk muka bi idonta muka dube su.

Mba Saaka ya dogara sandarsa. "Osman, kare ya tona. Gidan waye?"

"Mba, wannan ba ya cikin lissafi, gwaji ne..."

"Ƙasa ta ji. Yanzu ka faɗa mini, jinin wa ya zuba a nan? In na mutum ne, a kira 'yan sanda su tafi da kai. In na akuya ne, ga mai akuya a tsaye."

Osman ya dubi katanga, ya ga jama'a sun cika ta. Ya ce a hankali, "Na akuya ne."

"Na tsufa, kunnena ya yi nauyi."

"Na akuya ne!"

"Ta wa?"

"Ta Mma Alimatu ce! Amma a tsaya a ji bayani. Da ƙafarta ta shigo. Na ji tana tari, na ga alamar ba za ta kwana ba, na ce kada dukiyar marayu ta zama mushe, na yi mata gata."

Anti Araba ta ce, "Ina naman?"

"Na adana shi a matsayin hujja."

Dramani ya ce, "A ina?" Ya sa yatsa ya danna kumatun Osman. "Ni ka sa a buhu saboda ƙanzo, ashe kai kana nan kana cin hujja!"

Abin da ya biyo baya ba zan tsawaita ba, don takalman da aka tara shekaranjiya suna nan kusa, kuma a wannan karon kowa ya san inda zai wurga nasa. Da ƙura ta lafa Mba Saaka ya ce shi bai san inda aka kashe baƙo ba, kuma ga alama Osman ma bai sani ba, amma ya san wanda ya rantse a kan ƙasa, ya kuma san mai gidan da kare ya tona. Baƙar akuya kafin rana ta faɗi.

Abu ɗaya Osman ya mallaka da zai sayi akuya a shekarar. Muka raka shi har gidan Abdulgafaru dillalin dabbobi, rediyo a kafaɗa kamar ranar da ya dawo, sai dai wannan karon ba ya kiɗa. Ya fito da igiya a hannu, akuya na binsa tana turjewa, yana share ido yana cewa hayaƙi ne.

Aka yi abin da za a yi, Mba Saaka ya ɗage ƙayarsa. Gugan farko Osman aka sa ya ja, Mma Alimatu ta kai wa jikarta. Ban taɓa jin ruwa mai daɗin na ranar ba.

Kuna tsammani ya yi shiru? Da safe, Mma ta hura wuta, ƙamshin wache ya tashi, sai ga shi da kwano, ido a kumbure, yana ratsa layi.

"Mma, dasiba, ina kwana. Maganar alkawari. Kin ce duk wanda ya cire miki akuya daga wuya zai ci kyauta har damina. Wa ya buɗe rijiyar nan in ba bincikena ba?"

Mma Alimatu ta amsa gaisuwar ta ce, "Naa. Gaskiya ne, alkawari na yi, kuma a gaban jama'a."

Ta ɗebi wache cike da ludayi, har da wake a sama. Osman ya miƙa kwano. Ta wuce ta gefensa ta juye a wani tsohon murfin tukunya, ta yi fito. Sajan ya taho yana kaɗa wutsiya.

Ta ce, "Wanda ya yi binciken shi zai ci. Kai kuma ga guga can, mata na jira."

Har damina ta sauka, kullum safe Osman na jan ruwa yana kallon Sajan na karyawa. Kafin ruwan farko ya zuba, kumatun sun koma wajen kare.